Manhajar aron littafi ta raba ni da haushin gosulo, sannan ta ƙwace min littafi a kan gada

Wata biyar ke nan ina aron littattafai ta waya, kuma da a watan farko na rubuta wannan sharhin, taurari biyar zan danna ba tare da na waiwaya ba. Yanzu kam sai an zauna an yi lissafi.

A Agege nake zaune, a Tsibiri nake aiki, wani shagon canji kusa da Broad Street. Wanda ya san Legas ba sai na yi masa bayani ba. Ka fita ana idar da Asuba, ka ratsa Oshodi, ka hau gadar Third Mainland, in Allah ya taimake ka awa biyu. Dawowa kuwa, in an yi ruwa, sai dai ka haɗa Magariba da Isha a gida. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, amma a Oyingbo yake ƙarewa, ni dai har yanzu mota na fi hawa. Shekara da shekaru wannan lokacin yana tafiya a kallon bidiyon banza da sauraron kwandasta yana faɗa da fasinja kan canji.

Autarmu ce ta jawo ni. Tana aikin jinya a Ingila, wata rana ina yi mata ƙorafin hanya sai ta ce, "Yaya, kai da kake son tarihi, me zai hana a riƙa karanta maka?" Ta turo min lambar katinta na laburaren garinsu da lambar sirri. A nan sai in faɗi gaskiya, don kada wani ya sauke manhaja ya zo yana zagina: manhajar kyauta ce, amma ba ta buɗuwa sai da katin laburare, katin kuma yawanci mazauna garin ake ba wa, da shaidar adireshi. Ni a inuwar ƙanwata na raɓa. Manhajojin suna da yawa, akwai Libby, akwai BorrowBox, akwai Hoopla, kowane laburare da wadda ya ɗauka. Mu ma nan muna da laburarori, ga na Herbert Macaulay can a Yaba da aka gyara a 2017, amma mutumin da yake rufe shago ƙarfe shida yaushe zai je ya zauna karatu?

Makon farko kamar an buɗe min taga a cikin danfo, motar hayar nan ta Legas. Ka sauke littafin sauti da daddare lokacin da data ke arha, da safe ka toshe kunne, ko sabis ya ɗauke a tsakiyar gada babu ruwanka. Baturen da ke karantawa yana magana kamar mai cin dankali da zafi, sai na gano ana iya rage masa sauri, na rage, muka daidaita. Bayan sati uku ni da kaina na mayar da shi yadda yake. Akwai kuma wurin da za ka sa ta yi shiru bayan rabin awa in barci ya sace ka. Maman yara ta fi kowa jin daɗin wannan, don da sai ta farka ƙarfe biyun dare ta ji Bature yana surutu a ƙarƙashin matashi. Na taɓa wuce tashata a Pen Cinema saboda ana tsakiyar wani yaƙi, kuma wallahi ban ji haushi ba.

To ga inda gizo ke saƙar.

Akwai wani littafin tarihin kasuwanci da sarautun Afirka ta Yamma da na sa rai a kai, sauti ne, ya haura awa 22. Da na nema, sai aka ce in bi layi. Na ɗauka wasa ne. Layi a kan abin da ba takarda ba? Abin da ake kwafa sau dubu kafin ka ƙifta ido? Sai Auta ta yi min bayani, daga baya na bincika na ga haka ne: laburare ba ya mallakar littafin, lasisi yake saya daga kamfanin ɗab'i, kuma yawanci lasisi ɗaya mai karatu ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, kamar dai littafin takarda a kan kanta. Lasisin ma ƙarewa yake yi, wani bayan shekara biyu, wani bayan an ara sau 26, dokar da wani babban kamfanin ɗab'i na Amurka ya fara sawa tun 2011. Kuɗin da ake cajin laburare kuma ya ninka wanda ni da kai za mu biya. Saboda haka in gari guda ya sayi kwafi biyu, mutum hamsin suna so, sai dai haƙuri.

Na yi haƙurin. Sati shida na jira. Ran da ya iso, aka ba ni kwana 21.

Da na lissafa, awa 22 a kwana 21 ai wasa ne ga wanda ke zama awa huɗu a mota kullum. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne rasuwa. Kawunmu ya rasu a Zariya, na yi kwana takwas a can, kuma ba a zaman makoki da abin ji a kunne. Da na dawo na ci gaba, ina sane kwanaki sun ja, na je in sabunta aron, sai ta ce ba zai yiwu ba, akwai masu jira. Na ƙara wa Baturen sauri har ya koma kamar mai gwanjo a kasuwar Mile 12. Ranar Alhamis da yamma saura babi ɗaya da rabi, kimanin minti hamsin. Mun hau gada, an yi yayyafi, motoci sun tsaya cik daga wajen Adeniji, na ce madalla, yau gosulo zai yi min rana. Mai karatu ya ja numfashi zai faɗi yadda aka yi garin ya faɗi, sai shiru.

Na ɗauka abin kunnen ne ya mutu. Na cire, na hura, na mayar. Na duba waya, caji 60. Na buɗe manhaja, kantar da littafin yake fayau, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ashe wa'adin ba ƙarshen rana yake jira ba, daidai lokacin da ka ara, daidai nan yake tafiya. Ba sallama, ba "saura minti biyar". To, an turo saƙo kwana uku kafin nan, na gani, ban musa ba, amma wa ya zaci a tsakiyar jimla za a rufe wa mutum baki? Na danna in sake ara. Aka ce bismilla, ga layi, kai ne na 34.

Wata mata da ke gefena, Bayarbiya, ta ga yadda na dafe kai, ta tambaye ni ko kuɗi aka kwashe min a banki. Na rasa yadda zan yi mata bayani.

A daren na kira Auta ina huci. Dariya ta yi ta yi. "Yaya, ai daɗinsa ke nan, babu tara, shi yake mayar da kansa." Na ce, "Auta, gara a ci ni tara. Da na takarda ne da na riƙe abina kwana ɗaya na biya." Washegari na kai ƙara wurin maigidana a shago, yana ƙirga kuɗi ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam, zanen aro dama ba ya rufe katara." Na ce, "Haka ne, Alhaji," amma a raina na ce ai wannan zanen a tsakiyar kasuwa aka fizge shi.

Tun da haushi ya motsa, bari in ƙara da wanda na daɗe ina haɗiyewa. Ka rubuta "Hausa" a wurin nema ka gani. Ni dai a laburaren da nake ciki ƙamus ya fito da wani littafin koyon gaisuwa na baƙi, shi ke nan. Duk tulin littattafan da aka buga a Zariya da Kano, duk marubutan nan mata da ake karanta labaransu a rediyo ana sauraro gida-gida, ko ɗaya babu. Ban ga laifin laburaren Ingila ba, don mutanen garinsa yake saye. Abin da ke ci min rai shi ne mu da muka saba da a karanta mana littafi tun kafin a san wata manhaja, mu ne ba mu da irinta. Maman yara har yanzu a WhatsApp da YouTube take bin nata labaran, tun da OkadaBooks, manhajar littattafai ta nan Najeriya, ta rufe a ƙarshen 2023. Na nuna mata tawa, ta leƙa sau ɗaya ta miƙo min waya.

Na goge manhajar ranar Juma'a. Ranar Litinin, a Oshodi, na sake saukewa, don na gwada komawa sauraron kwandasta na ji ba zan iya ba. Na koyi dabara: in bi layin littafi uku huɗu a lokaci guda, in riƙa cike gurbi da tsofaffin da babu mai rububinsu, kuma in an ba ni dogo a lokacin da ban shirya ba in ɗage karɓa, layin ya wuce ni ba tare da na rasa gurbina ba. Da na san da wannan maɓallin tun farko, da sauƙi. Ga wanda ke da ɗan'uwan da zai raɓa da katinsa, kuma Turanci bai dame shi ba, taurari huɗu. A'a, uku. Duk ran da muka zo daidai wurin nan a kan gada sai na tuna.

Jiya na duba, saura mutum tara a gabana. Auta ta rantse min manhajar tana riƙe wurin da mutum ya tsaya, in littafin ya dawo daga nan zai ɗora. Na ce na ji. Amma na rubuta a bangon littafin lissafin shago, ƙasan lambar mai kawo mana ruwa: awa 21, minti 17.