Fentin mota ko shafin hannu: wanne ya fi dacewa da jitar da aka haɗa a gida?

Ɗan'uwanmu na Garwa ya kawo tambaya a kan jitar da ya gama haɗawa da hannunsa, irin mai rami wadda ba ta buƙatar lantarki. Bayanta da gefunanta na maɗaci ne, fuskarta kuma ta ayus, farin katakon nan marar nauyi da ake kawowa daga dazuzzukan kudancin Kamaru. Yana so ya san ko ya kai ta gareji a fesa mata fentin mota, kamar yadda wani abokin sha'awarmu na Marwa ya ba shi shawara har ya yi masa tayin aron kwamfuresa, ko kuwa ya zauna a gida ya bi ta da tsumma da ruwan sheƙi, kamar yadda wasu daga cikinmu suka fi so. Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a wannan aiki. A ganina shafin hannu ne ya dace da jitarka, amma shawarar ɗan'uwanmu na Marwa tana da tushe mai ƙarfi, don haka ya kamata a ba ta haƙƙinta kafin a ajiye ta.

Fentin mota da jita sun daɗe tare. A farkon shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin naitiroselulos mai suna Duco domin motoci, saboda yana bushewa da sauri, kuma ba a jima ba masu ƙera kayan kiɗa suka karɓe shi. Launukan da kamfanin ƙera jita na Fender ya yi suna da su a shekarun 1950 da 1960 daga kundin launukan motoci aka ɗebo su: jan da ake kira Fiesta Red na motar Ford ne, shuɗin Lake Placid Blue kuma na Cadillac. Sai wajen 1968 Fender ya koma amfani da fenti mai kauri irin na roba, yayin da kamfanin jita na Gibson yake riƙe da naitiroselulos har yau. Sai dai mafi yawan jitocin da suka sha waɗannan launuka na lantarki ne, gangar jikinsu dunƙulallen katako ne mai kaurin kusan santimita huɗu da rabi, kuma maganaɗisu ne ke ɗaukar motsin tsirkiya ya miƙa wa amsa-kuwwa. Irin wannan jiki ko an lafta masa fenti ba abin da zai rasa sai kaɗan.

Taka jitar ba haka take ba, domin duk muryarta daga fuskarta take fitowa. Tsirkiya tana kaɗa jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuska, jaki ya kaɗa allon fuska, allon ya tura iska. Antonio de Torres, ɗan ƙasar Sifen da ya daidaita siffar jitar da muka sani, ya haɗa wata a 1862 wadda bayanta da gefunanta na takarda ce da aka daddanne da gam, don ya nuna cewa fuskar ce ke da aikin, kuma jitar tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. Kaurin wannan allo bai wuce milimita biyu da rabi zuwa uku ba. Shafin hannu da aka yi da kyau ba ya kai kashi ɗaya bisa goma na milimita, amma wanda ya saba da ƙofar mota, da fentin shimfiɗa da launi da ruwan sheƙi a kai, cikin sauƙi zai ɗora mata ninkin wannan sau huɗu ko biyar ba tare da ya ga ya yi laifi ba, domin a sana'arsa kauri shi ne inganci. Duk wanda ya san gurmi ya san ba a dabe fatarsa da wani abu mai nauyi a sa ran zai yi zaƙin murya, to fuskar jita ita ce fatarta.

Akwai kuma abin da ke cikin gwangwanin da kansa. Fentin da aka fi fesa wa motoci a yau ba Duco na da ba ne, mai haɗi biyu ne, wanda ake zuba wa ruwan taurarawa kafin a fesa. Idan ya kama ya kama ke nan, babu tina, wato ruwan sirka fenti, da zai sake narkar da shi, kuma wannan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma aibinsa. Ba ya tsoron zufa ko ruwa ko turare, yana ba da ƙyalli mai zurfi, yana karɓar kowane launi, kuma cikin kwana biyu ko uku an gama. A wannan fanni shafin hannu ba ya ko kusa da shi. Amma ranar da fuskar jita ta tsage, gyaran ba zai ɓoyu ba, domin sabon fenti ba ya narkewa ya haɗe da tsoho, sai dai ya hau kansa ya bar iyaka. Ruwan taurarawar nan kuma yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa ke haddasa asma mai wuyar rabuwa da mutum, kuma takunkumin yadi ko na ƙura ba ya tare shi. Saboda haka nake roƙon ɗan'uwanmu mai kwamfuresa da kada ya bayar da aronta don a yi irin wannan feshi a tsakar gida inda yara suke kai-komo.

Gareji yana da wasu haɗurra biyu da ba su shafi fentin ba. Na farko rana ce. Mai fentin mota ya saba shanya aikinsa a fili, alhali a Garwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, kuma katako mai duhu da aka bari a rana yana wuce haka nesa ba kusa ba. Farin gam na kafintoci yana fara sakewa tun daga wajen digiri 60, iskar da ke cikin ƙofofin maɗaci kuma tana kumbura ta huda ɗanyen fenti ta bar ƙuraje. Na biyu shi ne maiƙo da man goge mota da ke yawo a wurin, waɗanda ɗigo kaɗan nasu a kan katako ya isa ya sa fenti ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka.

A ɓangaren shafin hannu, amsoshin da aka ba ka sun cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba. Na farko mai ne. Man gyaɗa da man kaɗanya da manja ba sa bushewa, sai dai su jiƙa katako su riƙa kama ƙura. Man da ke bushewa shi ne irin na linsid, kuma ko shi ban so ya taɓa ɗanyen ayus ba, domin katakon yana sha kamar ba zai ƙoshi ba, kuma man da ya shige cikin allo yana danne amonsa. Ya dace da wuya da allon yatsu kawai. Tsumman da aka shafa linsid da shi yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefar, don haka a baza shi a ƙasa ya bushe ko a tsoma shi a ruwa. Na biyu shi ne ruwan sheƙin kafintoci da ake shafa wa ƙofa da kujera, wanda idan aka sirka shi rabi da rabi da ruwan sirkin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa yakan shafu da tsumma siriri-siriri. Na uku shi ne shalak. Wani daga Injamena ya tambaya ko ƙaro zai maye gurbinsa, tunda Cadi tana cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi. Tunanin yana da kyau, amma ƙaro a ruwa yake narkewa, zufar hannu kaɗai za ta mayar da shi danƙo.

Shalak ɗanƙo ne da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a kan rassan itatuwa a Indiya da Tailan, ana sayar da shi ɓarɓashi-ɓarɓashi, kuma da shi ake gama mafi yawan jitocin gargajiya masu tsada da ake haɗawa da hannu. Ana jiƙa kimanin giram 120 a lita ɗaya ta sifirit mai ƙarfi, wanda ya kai kashi 95 cikin ɗari, a bar shi ya kwana ya wuni ana girgiza kwalbar, sannan a tace. Sifirit mai ruwa da yawa yana sa shi ya yi fari-fari. Kayan aikin kuwa ƙullin auduga ne kamar girman ƙwan kaza a cikin tsohon farin yadi mai laushi. Ana ɗiga shalak a cikin audugar, ba a bayan yadin ba, a buga ƙullin a bayan hannu: idan ya bar jiƙa ya yi yawa, idan ya bar sanyi da ɗan danshi ya yi daidai. Sai a sauko da shi kan allo hannu yana tafiya, a yi ta kewaye ana zagayawa, a ɗaga shi hannu yana tafiya, domin inda ƙullin ya tsaya ko na daƙiƙa ɗaya sai ya narkar da na ƙasa ya bar tambari. Idan ya fara cijewa, ɗigon mai guda a fuskar ƙullin ya wadatar. A bayansa za ka ga wani ɗan hazo yana bin sawu yana ɓacewa, wannan shi ne alamar sifirit yana tashi yadda ya kamata. Aikin na zama-zama ne, a yi yau a bari ya huta, a koma gobe, har mako biyu ko uku.

Raunin shalak a bayyane yake, musamman a ƙasarmu. Zafi mai tsanani yana tausasa shi, zufar wasu mutane tana cinsa a inda damtse ke kwanciya, turaren feshi kuma, da yake da sifirit ake haɗa shi, yana iya ɓata shi nan take, ga shi mu mutane ne masu son turare a riga da hannu. Ba kowane shago ke ajiye shi ba, kuma wanda aka jiƙa ba ya wuce 'yan watanni kafin ya daina bushewa da kyau, don haka ya fi kyau mutum uku ko huɗu daga cikinmu su haɗa kuɗi a sayo ɓarɓashin daga Duwala ko Yawunde a raba, kowa ya jiƙa daidai buƙatarsa. Amma duk ɓarnar da ta same shi, da ƙullin nan guda ake gyara ta, domin sabo yana narkewa cikin tsoho su zama abu ɗaya ko bayan shekaru. Abin da zan yi da jitarka shi ne shalak zalla a fuska, a baya da gefuna da wuya kuma shafi biyu na shalak a matsayin shimfiɗa, sannan sirkakken ruwan sheƙin kafintoci shafi huɗu ko biyar a kai, tunda nan ne ciki da tafin hannu suke gogar ta. Kafin wannan sai a bar kwalbar shalak ta kwanta kwana biyu a tsiyaye na sama, domin kakin da ke taruwa a ƙasa yana hana ruwan sheƙi kamawa.

Yanayi ba ya ragawa ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu. Masana'antun jita suna riƙe danshin iska tsakanin kashi 45 da 50 cikin ɗari, mu kuwa a hunturu yana faɗuwa ƙasa da 20, a Agusta kuma ya yi sama sosai a bakin Binuwai. Babu fentin da ke hana katako kumbura da tsukewa, iyakarsa ya rage saurin abin, balle ma cikin jita ba a shafe yake ba. A hunturu feshi yana bushewa a iska kafin ya isa katako ya sauka kamar yashi, ruwan sheƙin kafintoci kuma yana zama da danƙo na sa'o'i yana tara ƙura. Shalak a nan ya fi su, domin cikin 'yan mintuna ya daina kamawa. A tsakiyar damina kuwa shalak da naitiroselulos duka suna iya yin fari saboda danshin da suke tarewa. Tsakanin ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka, shi ne lokacin da na fi so a Garwa da Marwa, da sassafe, a ɗakin da aka yayyafa wa ruwa aka bar ƙura ta kwanta, a kifa babban kwali a kan aikin bayan kowane shafi. 'Yan'uwanmu na Ngaundere, da suke kan tudu inda damina ta fi tsawo, sai su ɗan ƙara jinkiri.

Game da launi, na ga kana sha'awar gefe mai duhu da ke washewa zuwa tsakiya. Wannan aikin bindigar feshi ne, da tsumma yana da wuya ya fito sumul a karon farko, musamman a ayus da ke shan rini wuri-wuri. Maɗaci da kansa yana ƙara ja da duhu idan yana ganin haske, shalak mai ruwan zuma kuma yana ba ayus launi mai daɗin kallo. Idan ranka ya kafe a kan launi mai ƙarfi, ajiye wannan buri ga jitar lantarki, a nan ne kwamfuresar ɗan'uwanmu da gwanintar mai fentin mota za su yi maka rana, a wuri mai iska da kariyar numfashi ta gaske.

Ko wace hanya ka bi, shirin katako ɗaya ne. A goge da samfefa lamba 120, sannan 180, sannan 220, ana bin tsawon zaren katako. Maɗaci yana da buɗaɗɗun ƙofofi da ke shanye sheƙi su bar fuska rami-rami, ana cike su ta hanyar gogewa da farin ƙwai da samfefa mai laushi har garin katakon ya zama kunu ya shige ciki, a bari ya bushe a sake gogewa. Guntayen da suka rage maka kada ka zubar da su. Ka gwada kowane haɗi a kansu tukuna, ka danna farce bayan mako guda ka ga ko ya taurara, ka kuma aika wa mai kwamfuresa guda biyu ya fesa musu domin ka gwada su gefe da gefe da naka.

Abu na ƙarshe shi ne jaki. Ka auna gurbinsa ka rufe da salatif na takarda kafin shafin farko, haka ma allon yatsu, domin gam yana kama ɗanyen katako ne, ba ya kama fenti. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jaki da nauyin da ya kai kilo 70, na nailan kuma wajen kilo 40, kuma jakin da aka liƙa a kan sheƙi zai tashi da fentin gaba ɗaya. Bayan shafin ƙarshe ka ba ta mako biyu a rataye a inuwa, sannan ka cire salatif, ka liƙa jakin ka matse shi ya kwana biyu kafin ka ɗaura tsirkiya.