Kantunan Yahudawan Landan: abin da ake samu da abin da ba a samu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu shirin zuwa Ingila karatu ko aiki suna yawan tambaya ko Musulmi zai iya yin cefane a kantunan Yahudawa, tunda an ce su ma yanka suke yi kuma ba sa cin alade. Zai iya, amma sai ya san kan abin.

A Landan unguwanni biyu ne suka fi suna, Stamford Hill da Golders Green, duka a arewacin birnin. Abincin da addininsu ya halatta shi suke kira kosha, kuma ba a karɓar maganar mai kanti kawai, sai da hatimin hukumar malamansu a jikin kwali ko leda. Wanda aka fi gani a nan shi ne KLBD, sai Kedassia na masu tsanantawa, sai harafin U cikin da'ira a kan kayan Amurka. Harafin K shi kaɗai ba na wata hukuma ba ne, kowane kamfani na iya buga shi, don haka kada a dogara da shi.

Inda kantunan nan suka fi yi mana rana shi ne kayan kwali da na gwangwani: biskit, alawa, cuku, man shafa wa burodi. A manyan kantunan Turawa sai mutum ya tsaya yana karanta ƙananan rubutu yana neman kitsen alade ko jelatin. Hatimin nan ya ɗauke wannan wahalar. Akwai kuma kalmar parev ko pareve, ma'anarta babu nama babu madara a ciki. Dalilinta shi ne ba sa haɗa nama da madara a girki ɗaya, har tukwane da cokula da wurin wanke-wanke kowanne da nasa, kuma da yawansu sai sun jira awa 6 bayan cin nama kafin su taɓa nono. Amma a kula: giya halal ce a wurinsu, da ita ma suke buɗe ranar hutunsu. Kek ko cakulan na iya ɗaukar hatimin kosha alhali da giya a ciki. Hatimin ya raba ka da alade ne kawai, layin kayan haɗi kuwa dole a karanta shi.

Nama shi ne mai dogon bayani. Mai yankan, wanda suke kira shohet, sai ya yi karatu an ba shi izini. Wuƙarsa doguwa ce marar tsini, yakan bi kaifinta da farce, in ya ji giɓi komai ƙanƙantarsa ba ya yanka da ita. Ba sa sumar da dabba kafin yanka, kuma dokar Birtaniya ta ba su wannan sassauci tare da Musulmi. Bayan fiɗa ana duba huhu, in an ga huji ko wata illa, naman ya fita daga kosha. Sannan a cikin kwana 3 a jiƙa shi a ruwa minti 30, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa ya yi awa 1, a ɗauraye sau 3, duk don jini ya fita. Hanta ba ta jin gishiri, sai an gasa ta a wuta.

Wannan gishirin shi ke ɓata wa sababbin zuwa miya. Mace ta sayo kaza, ta zuba gishiri da magi yadda ta saba a gida, sai romo ya fito kamar an jiƙa kanwa. A rage gishiri sosai, a ɗanɗana bayan ya tafasa. Abu na biyu, ba za ka ga cinyar saniya ba. Akwai wata jijiya da wani kitse a bayan dabba da suka haramta gare su, cire su aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa mahautansu a nan gaba kawai suke sayarwa: ƙirji, karfata, wuya, haƙarƙari. Mai son jan tsoka na tsire ko kilishi ya nufi mahaucin halal. Ganda da kayan ciki da naman akuya kuwa kasuwar Ridley Road da ke Dalston, ba nisa da Stamford Hill, ta fi dacewa. Kuma naman kosha ya fi na halal tsada nesa ba kusa ba, don kuɗin mai yanka da mai duba da mai sa ido duk a kansa suke. Ni a ganina, a garin da mahautan Musulmi suka cika kowane layi, babu dalilin wannan kashe kuɗi. A ƙaramin garin da babu halal ne maganar ke tasowa, inda masu halattawa ke kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida game da abincin Ahlul Kitabi, wasu kuma ke ja da baya saboda shohet addu'a ɗaya yake yi a farkon aiki, ba kan kowace dabba ba. Wannan kowa ya tambayi malaminsa.

Kifi sai mai ɓawo da fiffike, saboda haka ƙarfasa na nan, tarwaɗa da jatan lande babu. Raƙumi da zomo haramun ne gare su. Fara kuwa, abin mamaki, Attaura ta halatta wasu nau'o'inta, Yahudawan Yaman sun san ta, amma a Landan ba mai soya maka ita.

Sai lokaci, wanda ya fi komai sa mutane zuwan banza. Asabar ɗinsu, ranar hutun da suke rufe kantuna, tana farawa ne kafin faɗuwar rana ranar Juma'a, ta ƙare bayan duhu ya shiga ranar Asabar. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka wanda ya ce sai ya sauko daga masallaci zai je yana iya tarar da ƙofa a garƙame. Lahadi kuwa a buɗe suke. Alhamis da safiyar Juma'a ne ake fito da hala, burodi mai kitso kamar na mata, mai laushi da ɗan zaƙi, wanda ya yi kusa da burodin shayi na gida fiye da duk abin da ke manyan kantuna. A bikin Fesak, cikin Maris ko Afrilu, gidajen burodin na rufewa kwana 8, domin ba sa cin abin da ya kumbura da yis.

A Stamford Hill, in mai kanti namiji ya ajiye wa mace canjinta a kan kanta maimakon ya sa mata a hannu, ba wulaƙanci ba ne. Masu riƙon addininsu ba sa musabaha da matar da ba tasu ba, matansu ma haka, kada namiji ya miƙa musu hannu.