Tankin gazuwal: sabon ɗinkin Maraɗi ko tsohon na Turai mai farantin shaida?

Alhaji, ka tambaye ni wanne za ka ɗauka tsakanin tankin gazuwal da za a yi maka sabo a nan gida da tsohon na Turai da aka nuna maka; irin duka biyun sun ratsa hannuna. Ɗaya ne kawai yake tsaye har yau a bayan injin niƙana, shi ne na gida.

Wani dattijon mai walda ne ya yi mini shi, a wata rumfa ta bakin hanyar Ɗan Isa. Na je da niyyar a yi mini mai kusurwa huɗu don ya shige lungu, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, mai kusurwa cikinsa yake turowa, nauyin duk a ɗinkin gefe yake sauka. Bari in naɗe maka shi kamar ganga." Lita 1,000 ta gazuwal ta haura kilo 800, ka ga maganarsa tana kan hanya. A gabana ya auna kaurin tol ɗin, milimita 3, ya yi ɗinki ciki da waje kafin ya rufe murfin ƙarshe.

Abin da ya sa na riƙe shi har gobe shi ne gwajin. Ya dama alli da ruwa ya shafe bayan ɗinkin kaf, ya bari rana ta busar da shi ya yi fari fat, sannan ya bi ta ciki da tsumma mai kalanzir. Muka zauna muna shan shayi. Can sai ga wani ɗigo baƙi-baƙi, bai fi ƙwayar gero ba, ya fito a kan allin kusa da inda famfo zai zauna. Ni da idona ba zan taɓa ganin ramin nan ba, amma kalanzir ba ya raina hanya. Dattijon bai liƙa walda a kai ya wuce ba. Ya goge wurin har kalanzirin ya fita, ya kankare ɗinkin zuwa gindinsa, ya sake shi sabo. Bayan nan muka cika tankin da ruwa kwana biyu, da busasshiyar takardar buhun siminti a ƙarƙashinsa, ba ta jiƙa ba. Ya zubar da ruwan, ya bar shi a buɗe ya bushe sarai. Ya sa masa bututun numfashi mai lanƙwasasshen kai a sama, ya ɗan karkata ƙafafun yadda ruwa da laka za su taru gefe guda, da ƙaramin matoshi na zubar da su. Zafin watan Afrilu nawa ya wuce ta kansa, ko gumi bai taɓa yi ba.

Na Turai kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba, ƙarfensa mai kyau ne kuma ɗinkinsa kamar da alƙalami aka ja. Sai dai damina ɗaya ya yi mini, gindinsa ya fara tsatsafo. Tsatsa ta riga ta cinye shi ta ciki tun kafin ya hau jirgi, ni kuma farantin shaidar masana'anta da ke maƙale a jikinsa na duba na saya.

Farantin ba ƙarya yake yi ba, mu ne ba mu fahimci abin da yake cewa ba. A Amurka, tankin ƙarfe na mai da ake girkawa a bisa ƙasa yana bin ƙa'idar UL 142, kuma ana gwada shi da iska ƴar kaɗan da ruwan sabulu kafin ya bar masana'anta. A Turai akwai EN 12285 ta tankunan ƙarfe da ake ƙerawa a masana'anta. Duk wannan shaida ce ta ranar da aka gama shi, shekara goma ko ashirin da suka wuce. Kuma dokarsu ba ta tsaya ga jikin tanki ba. A Ingila tun 2001 aka yi dokar da ta ce wurin sana'ar da ke ajiye mai fiye da lita 200 sai ya yi wa tankin wani mazubi ko katanga ta biyu mai ɗaukar kashi 110 cikin 100 na abin da ke ciki, don in ya fashe kada man ya bi ƙasa ya shiga ruwa. Tanki yana zuwa Maraɗi, amma katangar da mai dubawar suna can inda aka baro su.

Nan kusa da mu, Najeriya tana da SON, hukumar kula da ingancin kaya, da tambarin MANCAP na kayan da aka ƙera a cikin ƙasar, mu kuma muna da tamu hukumar, ANMC, a Yamai. To amma tanki guda da za a yi maka a rumfa, nan ko Katsina ko Kano, ba ya bi ta ɗakin gwajin kowa. Kai ne mai dubawa. Shi ya sa na fi son wanda zan iya leƙa cikinsa tun yana buɗe. Katangar nan ta Ingila ma na kwaikwaya da bulo da siminti, don rijiyar maƙwabta ba ta da nisa da ni.

Ka yi hattara da dillalai. Akwai masu cike ramin tsatsa da mastik su fesa fenti, ya fito yana ƙyalli kamar ango. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu, ka bi gindin tankin da shi, inda ya ƙi kamawa da ƙarfi akwai abin da aka ɓoye. Ka buɗe murfi ka haska tocila, ka shinshina. Akwai masu cire faranti daga mataccen tanki su kafa a wani, don haka ka duba ko ƙusoshinsa sababbi ne a jikin tsohon ƙarfe. Wanda ya ce maka galbanize ya fi don ba ya tsatsa, ka ce masa na gode: na ruwa ne wannan, gazuwal yana narkar da rufin zinkin a hankali ya je ya toshe maka inji. Mai waldar da ya ce zai hura iska mai ƙarfi da kwamfuresa ya gwada maka, ka hana shi, tankin ajiya ba don matsi aka yi shi ba, zai iya tsagewa a kanku.

Kuma don Allah, tankin da ya taɓa ɗaukar mai kada a kusanto shi da wutar walda wai don an zubar da abin ciki. Tururin da ya rage shi ne mai kisa. Duk maganar nan tawa ta gazuwal ce kaɗai. Esans ban yarda a tara shi a gida ba ko a wane irin tanki, wanda ya tuna tankar da ta kama da wuta kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayun 2019, ta ci rai fiye da 50, ya san dalili. Tukunyar gas kuwa ba aikin rumfa ba ce sam, nan kam mai tambarin masana'anta za ka nema.

Ka sa a yi maka sabo, zagayayye, na baƙin ƙarfe milimita 3 ko sama. Ka sayi tol ɗin da kanka, ka ba da rabin kuɗin aiki, sauran sai ranar da ka ga alli ya zauna fari kuma takarda ta kwana biyu a bushe. In ka zo zuba mai, ka bar kamar taƙi ɗaya a sama, zafin garin nan yana kumbura shi.