Hattara da masu sayar da soson katifa da sunan maganin ƙara

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai shirin haɗa ɗakin kallo a gidansa, ko mai gidan kallon ƙwallo, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Akwai wasu da ke talla a Facebook da WhatsApp, suna ɗora hotunan ɗakunan silima na ƙasashen waje a matsayin aikin hannunsu. Za su ce maka da zarar sun manna wani baƙin soso mai tudu-tudu a bango, ko ƙure sifika ka yi maƙwabci ba zai ji ba. Sai su nemi kafin alƙalami mai tsoka. Wasu daga nan lambarsu ta daina shiga. Waɗanda suka zo kuwa, soson katifa suke kawowa, an yayyanka an fesa masa fenti, wani lokacin ma kwalin ƙwai.

Haɗa kayan sauti sana'ata ce, kuma ina faɗa da babbar murya: ko na asali ne, soso ba ya hana ƙara fita. Iyakacin aikinsa rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, ita ma ta siraran sautuka. Gurnanin babbar sifikar da ke girgiza ƙirji ratsa shi yake yi ya wuce. Abin da ke tare ƙara shi ne nauyi da toshe kafofi: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi da roba a gefenta, taga mai gilashi biyu.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali gobara ce. Irin wannan soso yana kamawa nan take, hayaƙinsa kuma guba ne. A 2003, a gidan rawa na The Station da ke jihar Rhode Island a Amurka, tartsatsin wasan wuta ya kama soson bango, mutum 100 suka mutu. A 2013 haka ta faru a Santa Maria ta ƙasar Brazil, aka rasa fiye da mutum 240. To ina ga ɗakunanmu, ga wayoyin lantarki a bayan soso, ga ƙarfe a taga, ƙofa ɗaya, yara a zaune a ciki?

Sifikunsu ma sai an lura. Za ka ga an rubuta 5000W PMPO a kwali, lambar talla ce kawai. Ka nemi RMS, wato lambar da ke nuna ainihin ƙarfin sifika, ka kuma duba bayan na'urar: wadda ke jan wat 60 daga soket ba ta da inda za ta samo dubbai.

Kafin ka biya, ka ce su kai ka ɗakin da suka gama. A kunna sauti, a rufe ƙofa, kai kuma ka tsaya a waje ka saurara. Sannan ka karɓi guntun soson, ka fita fili nesa da komai, ka kara masa ashana. In ya ci gaba da ci bayan ka janye ashanar, yana ɗiga, kada ya shiga gidanka.