Wata huɗu ina yabon ƙafafun kabon, gangara ɗaya ta kashe min baki

Shekara biyu na yi ina haɗa keken nan da hannuna, yau in sayo wannan, gobe in cire wancan. Bodin na kabon ne (wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ake yi da zarurruka), giyar Shimano 105, sirdi da kai duk na sauya su. Ƙafafu kawai suka rage, don har lokacin na alminiyam nake takawa, su biyun sun kusa kilo biyu. Da kuɗi suka taru sai na yi odar na kabon masu zurfin milimita 50, irin waɗanda birki ke kama gefen gargarensu, tunda bodina ba na birkin faifai ba ne.

Ranar da suka iso, ko ledar ban gama cirewa ba na ɗora su a sikeli. Giram 1,450. Da na ɗaura, keken gaba ɗaya ya tsaya a kilo 7.3. Su kansu 'yan tsere, tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana su shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba. To ni da nake hawa don nishaɗi, me kuma zan nema? A miƙaƙƙiyar kwalta, da zarar ka haura kilomita 30 a awa, sai ka ji keken yana riƙe gudunsa, ga wani ɗan gurnani da gargaren ke yi mai daɗin ji. Iskar gefe takan fizgi ƙafar gaba, amma cikin mako biyu hannuna ya saba. Duk wanda muka haɗu sai na cika masa kunne da yabo.

Sai ranar gangarar nan. Doguwa ce, ta fi kilomita biyar, ga kwana-kwana, ga rana ta take. Tsoron kwanar ya sa na matse birki ban saki ba tun daga sama. Wajen rabin hanya na fara jin ƙauri kamar ana ƙona roba. Can sai hannun birkin gaba ya soma harbawa a cikin yatsuna, tak, tak, tak, duk zagaye ɗaya. Cikina ya ɗuri ruwa. Na lallaɓa da na baya har na tsaya a gefen hanya. Na kai yatsa kan gargaren, ba shiri na janye. Da na duba da kyau, wani wuri mai tsawon ɗan yatsa ya kumbura waje, har leɓen tayar ya fara leƙowa. Allah ne Ya kiyaye, da ta fashe ina cikin kwana da wani zancen ake yi.

Na san inda gizo ke saƙar. Alminiyam yana watsa zafi ya huce da wuri, shi kuwa kabon tara shi yake yi wuri ɗaya. Zarurrukan kabon ɗin wani irin danƙo ne ya haɗe su, idan zafi ya wuce ƙima sai danƙon ya yi laushi, iskar cikin taya ta ture bangon waje. Shi ya sa ake cewa a matsa da ƙarfi a saki, kada a ja birki ana tafiya. A nan kam da laifina, ban musa ba.

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye. Na aika wa masu sayarwar hotuna, sai bayan kwana tara suka amsa da layi biyu: wai garanti ya faɗi saboda ban yi amfani da robar birkinsu ba. Wace robar? A tallan an rubuta ƙarara cewa robobi huɗu na cikin kwali. Na zazzage kwalin nan har ƙasa ranar farko, babu su babu alamarsu. Na rubuta musu a lokacin, suka ce in yi haƙuri suna hanya. Na gaji da jira na sayi wasu, su ma na kabon ne, an rubuta a jikinsu. Yanzu abin da suka kasa turo min shi ya zama hujjarsu a kaina. Na tura musu tsohon saƙon nasu, shiru kake ji.

Kuma tunda ana tone-tone, tef ɗin cikin gargaren baya ma a karkace ya zo, ni na sake naɗa shi, ban ce komai ba don ina cikin zumuɗi.

Wanda hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce zai ji daɗinsu, ba zan yi musu ƙarya ba. Mai hawa tudu da gangara ya nemi keken birkin faifai, ko ya riƙe alminiyam ɗinsa. Ni dai tsohuwar ƙafata ta koma gaba, ta kabon na rataye a ƙusa. Robobin birkin kuwa sun iso makon jiya, guda huɗu cif, cikin 'yar ambulan.