Na'urar auna gudun ruwa da ta hana ni jan layi a makance

Rani biyu ke nan ina aiki da wata na'urar hannu mai auna gudun ruwa da sauti, irin wadda ake ɗaura wa sanda a shiga kogi da ita. A Kogin Jama'are na fi gwada ta, kuma da gangan na zaɓe shi, don babu babban dam a kansa irin Tiga ko Challawa da ke riƙe ruwan Kogin Haɗeja. Damina na wucewa sai ya fara ja baya, har ya koma 'yar siririyar ƙorama a tsakiyar yashi.

Nan ne tsohon ma'auninmu mai farfela ke gazawa. Ruwa na tafiya a hankali, farfela ta ƙi juyawa, ko ciyawa ta naɗe ta. Sai mu koma ofis mu ɗauko awon damina, mu zuba a takardar logarizim (takardar zana jadawali), tsayin ruwa a gefe ɗaya, yawan ruwan da ke wucewa a ɗaya gefen, mu ja layi ya zarce ƙasa, mu ce ga yawan ruwan rani. Lissafin layin shi ne Q = C(h − a)^b, inda Q ke nufin yawan ruwan da ke wucewa, h tsayin ruwa a jikin sandar awo da aka kafa a kogin, C da b kuma lambobi ne da ake fitarwa daga awon. Duk rigimar tana kan a, wato tsayin da sandar awo ke nunawa ranar da ruwa ya daina gudu. In ka ƙiyasta shi ba daidai ba, layin zai lanƙwashe daga ƙasa. A ambaliya kuskuren santimita biyar ba a ma lura da shi, amma idan ruwan da ke saman a bai wuce santimita ashirin ba, wannan kuskuren kaɗai ya isa ya ɓata adadin sosai. Ga shi yashi ba ya zama wuri ɗaya, kowace damina sai ta sake shimfiɗa ƙasan kogin.

Da wannan na'ura na shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, na tsaga faɗinsa kashi ashirin da 'yan kai, kowane wuri na ajiye kan na'urar a kashi shida cikin goma na zurfin ruwan daga sama na jira daƙiƙa arba'in. Ta kama gudun da ido ma da ƙyar yake gani. Da na sa sabbin awon a takarda, sai suka faɗi gefen tsohon layin gaba ɗaya. Dole na sauya a, na raba layin gida biyu, na ƙarancin ruwa daban, na ambaliya daban.

Tana da nata sharaɗi. Sautin yana dawowa ne daga ƙurar da ke yawo cikin ruwa, don haka in ruwan ya yi garau takan yi gargaɗi, sai ka sauya wuri. Batir ma a tafi da ƙari. Tsada kam akwai ta, ba kowane ofishi zai saya ba.

Ni dai da zan ba da shawara, tashoshin awon ruwa uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a riƙa zagayawa da ita daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da adadin ruwan rani ake yanke injin ban ruwa nawa fadama za ta ɗauka kafin ruwan ya ƙare wa mutanen da ke can ƙasan kogin.