Ƙofar gilashi mai naɗewa: yadda ake kafa ta a Ingila da inda take ba da matsala

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan su Hajiya da yara kowa lafiya. Ka tambaya kan ƙofar gilashin nan mai naɗewa da ake sawa a nan Ingila tsakanin falo da lambun bayan gida, ko za ta yi a ginin da kake yi a Kano. Za ta yi, amma yawancin matsalarta daga ramin da aka bar mata a bango take tasowa, sai kuma yadda aka zaunar da gilashin.

A gida magini ne yake barin rami yadda ya samu, mai alminiyom ya zo ya cusa firam, a cike gefe da siminti. Taga mai zamiya tana haƙuri da wannan, ƙofa mai kyaure uku ko huɗu da ke rataye da juna ba ta yi. A nan kamfani kan turo ma'auni kafin a yanka ko ƙarfe ɗaya. Yana auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tsayi ma a wuri uku, ya ɗauki mafi ƙanƙanta ya rage milimita 10. Sannan ya ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon biyu ya bambanta da fiye da 'yan milimita kaɗan, ramin a karkace yake, kuma magini ne zai gyara, ba a danne firam don ya bi karkatar bango. Aikinsu da tsada, ga jiran makonni kafin a ƙera ƙofar, amma yawanci da garantin shekara 10, kuma mai kafawa da ke da rajista da FENSA, wato tsarin tantance masu kafa tagogi da ƙofofi a nan, yana ba da takardar da ake nema ranar da za a sayar da gidan.

Iri biyu ne: mai rataya a sama, da mai tafiya kan tayoyi a ƙasa. Ka zaɓi ta biyun. Mai rataya tana ɗora duk nauyinta kan linta, kuma nauyin ba na wasa ba ne. Gilashi mai ninki biyu, kowane ninki milimita 4, yana kai kilo 20 a murabba'in mita ɗaya, wato kyaure mai faɗin santimita 90 da tsayin mita 2 yana ɗauke da kusan kilo 36 na gilashi kaɗai. Shi ya sa a nan injiniya ke lissafa ƙarfen da za a gitta a saman ramin. Lintar kankare irin tamu in ta ɗan lotsa a tsakiya sai ta danne firam, kyauren tsakiya ya fara cijewa. A bar ta ta cika kwana 28, a cire katakon tokara, a ɗora rufi, sannan a yi awo.

Dokin ƙofa shi ake fara zaunarwa, a bi shi da ma'aunin ruwa daga bango zuwa bango, inda ya yi ƙasa a tokare da 'yan robobi masu kauri daban-daban, daga milimita 1 zuwa 6. Ban da guntun kwali ko katako, danshi na cinye su. Notunan da ke kama firam da bango ana sa su kamar santimita 15 daga kowace kusurwa, sauran kada tazararsu ta wuce santimita 60, kuma bayan kowane noti a sa roba, in ba haka ba ɗauri zai ja firam ya lanƙwashe. Kumfar cike gefe ma in ta yi yawa tana kumbura ta turo shi ciki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne zaman gilashi. Gilashin ne ke riƙe kyaure ya tsaya a miƙe, kamar katakon da kafinta ke gittawa a bayan kyauren shago. A kusurwar ƙasa ta ɓangaren da ke ɗauke da nauyi, wato wajen hinji ko taya, ana sa roba biyu, ɗaya a ƙarƙashin gilashin ɗaya a gefensa. Sai a haura kusurwar sama ta ɗaya ɓangaren a sa wasu biyu, a ɗan ɗaga firam ɗin kyauren kafin a cusa ta sama. A ɗiga musu silikon kada su zame. In an tsallake wannan, bayan 'yan makonni bakin kyaure zai sauka, ya riƙa jan ƙasa, sakata ta daina samun raminta. Da yawa sai su kama murɗa hinji da makullin alan, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar harafin L. Wannan gyaran milimita kaɗan yake bayarwa, in saukar ta wuce haka dole a ɓalle sandunan da ke riƙe gilashin a sake jera robobin, a fara daga kyauren da ke manne da bango.

Ruwa kuma: a jikin dokin ƙofa akwai 'yan ramuka da ke fitar da ruwan da ya shiga layin tayoyi. Mai tayil ba ya sanin amfaninsu, sai ya binne su, ko mai silikon ya toshe. Ruwan Agusta ɗaya ya isa ya cika layin ya malalo falo. Daɓen waje ya zama ƙasa da ramukan, ya kuma gangara zuwa tsakar gida.

Abin da Turawa ba sa lissafawa shi ne zafinmu da ƙurarmu. Alminiyom mai tsawon mita 4 yana ƙaruwa da kusan milimita 3 in zafi ya tashi da digiri 30, firam na roba kuwa ya fi ninki biyun haka, don haka ka bar na roba, kuma kada a cike tazarar gefe da siminti. Launin toka mai duhu da ake yayi a nan jan rana yake yi. Kada ƙofar ta kalli yamma sai da baranda a gabanta. Da hunturu a share layin da burushi duk mako, a fesa man silikon kaɗan. Giris da baƙin mai suna kama ƙura su zama taɓo mai cin taya.

Gilashin mai tauri ne, ba a yanka shi bayan an gasa, in awo ya kuskure sai dai a yi sabo. Tayoyi da hinji kuma kowane kamfani da nasa, ba sa shiga na juna, don haka duk inda za ka saya ka haɗa da saiti ɗaya na ajiya da ƙarin robar gefe. Ka sa magini ya turo awon shida da na kusurwa biyu kafin a yi filasta. A gaida Hajiya.